Ƙafar Ɗan Goggo

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, kuma cikin waɗanda aka yi da su akwai masu rai har yau.

Warin taɓon nan ne ya tayar mini da shi. Tun da aka fara dashen shinkafar bana, in iska ta taso daga bakin kanal, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ta shigo ɗakina da warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, sai in ji ni a wata daminar, ba wannan ba.

A shekarar da nake nufi, waya ba ta daɗe da shigowa garinmu ba. Guda ce a hannun mai shayi, ita ma sai an hau tudun kanal take magana. Shekarar ce hatsi ya yi tsadar da har yau tsofaffi ke kwatance da ita. Rumbuna suka ƙare tun ruwa bai zauna ba. Mutanen arewa, har da na Nijar, suka gangaro suna neman aikin da za a ba su abinci kawai. Mu na bakin ruwa ana ganin mun fi kowa, alhali tumatirin rani ya ruɓe a kwanduna a bakin titi, alkamar kuma an sayar an sayi taki. Da safe kwaɗon rama da ɗan ƙuli-ƙuli, da rana a jiƙa garin rogo, da yamma a tuƙa ɗan abin da aka samu, miyar kuka tsululu, kana hango gindin kwano. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, sannan da ya tashi zuba sai ya zuba kamar da fushi, har katangar bayan gida ta zauna.

A cikin wannan hali ƙafar ɗan Goggo ta samu ciwo.

Ɗan Goggo nake ce masa, amma ni na haife shi. Ɗan farina ne. A yadda aka tashe mu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta nuna ta san yana jin yunwa. Tun da aka yaye shi yayar mahaifinsa, Goggo Hansai, ta ɗauke shi, don nata 'ya'yan ba su zauna ba. Ita ta goya shi, ita ta yi masa aure. Bayan rasuwar Malam, mahaifinsa, muka zauna gida ɗaya, ita a ɗakin kusa da zaure, ni a na ƙurya. Ni da furfurata, har lokacin Amarya take kirana.

Da rani ya yi cacar baki da Tanimu, wanda fangalin shinkafarsa ke sama da namu, a kan rabon ruwa. Mutane suka ji Tanimu ya ce, "Ci gaba da taka mini iyaka, ƙafar ce za ta gaya maka." Da damina kuwa, ranar dashe, ɗan Goggo ya taka karyayyen lauje a cikin laka, daidai kan iyakar nan. Abin da ya fi tayar mana da hankali, bai ji zafi ba. Sai da masu dashe suka ga ruwa ya yi ja a bayansa. Mutum ya tsaga gefen ƙafarsa bai sani ba? Goggo ta ce an ɗauki sawunsa ne, an ɗebi ƙasar da ya taka an kai wa wani. Ni ma haka raina ya ba ni.

Goggo ta karɓi jinya. Kullum da hantsi za ta tafasa ruwan bagaruwa, ta tsoma tsumma, ta gasa ciwon yana tururi. Akwai wani fari-fari da ke fitowa a bakin ciwon, siriri kamar fatar cikin albasa. Wannan take kira mataccen nama. Sai ta dirje shi tas, har jini ya fito, ta ɓare kafso ta barbaɗa garin, ta sa ya miƙe ƙafar a rana don ciwo ya bushe. Haka iyayenmu suka yi, haka muka gani. Ni ina bakin murhu, na ba su baya, ina jin numfashinsa.

Aka yi cirar ciyawa ba shi. Aka watsa taki ba shi. Matarsa da 'yan uwa suka yi gayya, muka dafa musu wake da ɗan abin da ya saura. Ciwo kuwa maimakon ya tsuke sai ya buɗe baki, ya fara wari, ƙuda suka san gidanmu. Da ƙyar ƙannensa suka ɗauke shi zuwa asibiti a Kano. A can aka ce yana da ciwon suga, wai shi ya kashe masa jin zafi. Likita ya ba shi magani, ya ce a samu mai wanke ciwon a gida, a dawo bayan ƙaramar salla. In ciwon ya tsuke, to. In bai tsuke ba, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa kafin ya hau sama.

Manomin shinkafa da ƙafa ɗaya. Ku dai ku yi tunani.

Mai wanke ciwon da aka samo ita ce Sista Rifkatu, Kirista ce daga wajen Filato. Ta yi aikin jinya shekaru a can, mijinta yana cikin ma'aikatan ruwa, ita kuma tana da ɗan shagon magani a bakin kanal. Ba ni da wani abu da ita, sai abu ɗaya: ɗan fangalin da take shuka alayyafo, Tanimu ne ya ba ta aro.

Ranar da ta fara zuwa ta gaishe mu har ƙasa. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri mai sanyi, a hankali, kamar mai wanke jariri. Sannan ta fito da farar leda, ta shimfiɗa a kan ciwon, ta bi bakinsa da biro ta zana shi. Ta ninke za ta sa a jaka.

Ban san lokacin da na taso daga bakin murhu ba.

"Baiwar Allah, ina za ki kai sawun?"

"Wane sawu, Mama?"

"Wanda kika ɗauka yanzu. An ɗauki na ƙasa, ke kuma kin zo ɗaukar na nama?"

Ta dube ni, ta dubi ledar, sai ta yi dariya har da riƙe baki. "Mama, awo ne. In na dawo in sake zanawa, in ga ko ya ragu."

"Ledar nan ba za ta ƙetare zauren nan ba."

"To ga ta. Ki ajiye, ko ki ƙona."

Na jefa ta a wuta a gabanta, ta narke tana wari. Har yau ban ga laifina ba. Ita ma ba ta yi fushi ba, cewa ta yi, "Ke sai ki auna da abin da kika yarda da shi."

Sai ta shafa wani mai a ƙyallen asibiti, ta rufe ciwon, ta naɗe. Ta ce kada a buɗe, kada a gasa, kada a sa a rana, sai ta dawo bayan kwana biyu. Goggo ta tafa hannu.

"A rufe ciwo da danshi? Ke a garinku haka ake ruɓar da mutane?"

Sista ta gyara zama a kan turmi. Abin da ta faɗa na riƙe shi, don ina sauraro ne irin sauraron mai neman kama maƙaryaci.

Ta ce naman mutum ba dunƙule ɗaya ba ne. Wasu 'yan ƙananan halittu ne jingim, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kowace tana zaune a wurinta. In aka yanke, jini da naman da aka ji wa ciwo sai su saki wasu sinadarai, wai furotin ake ce musu, su ne 'yan aike. Su bazu cikin danshin ciwon, kamar yadda ƙanshin girki ke bin iska. Halittun da ke bakin ciwon suna da abin jin wannan kira a jikinsu. In kira ya taɓa su, sai saƙo ya shige ciki, wannan furotin ya taɓa wancan, wancan ya taɓa na gaba, har a ce wa gaban halittar miƙa, a ce wa bayanta saki. Sai ta miƙa gaba ta kama, ta saki baya ta ja jiki, ta nufi inda kiran ya fi ƙarfi.

"Wato nama tafiya yake yi," in ji Goggo. "Da takalmi ko ba takalmi?"

"Da rarrafe, Goggo. Kuma ba a tare suke zuwa ba. Kamar aikin fangali ne. Masu share datti su fara isa, masu shimfiɗa ƙasa su biyo, sannan masu rufe fata su taho daga gefe-gefe. In na wannan gefe suka haɗu da na wancan, sai wani saƙon ya ce ku tsaya, an gama. Wanda nasa suka daina jin a tsaya, shi ne mai ciwon daji, su yi ta yawo a jiki inda ba a aike su ba."

"To shi nasa me ya hana su zuwa?" Ni na tambaya, ina kallon bango.

"Suga ya raunana kiran, Mama, ya kuma tsuke hanyar jini. Ga shi 'yan kaɗan ɗin da suka ji suka taho, ba sa iya rarrafe a kan busasshen ɓawo. Fari-farin nan na bakin ciwo, su ne. Ruwan zafi yana kashe su, tsumma yana kwashe su. Kullum sai su koma farko."

Goggo ta ce, "Amarya, kin ji? Wai mataccen nama baƙi ne masu zuwa gayya. Sai mu dafa musu wake."

Muka yi dariya, har shi mai ciwon. Amma ni a raina na ce, wadda ke noma a gonar Tanimu ta zo ta ce a rufe ciwo a hana shi iska. In ruɓar da ƙafar aka aiko ta yi, ai da irin wannan daɗin bakin za ta zo.

Don haka na yi shawarar kama ta. Da azahar, in ya yi barci a rumfa, Sista ta kwance tsohon ƙyalle ta je wanke hannu, kafin ta dawo ta rufe, sai in zo kamar mai neman wani abu. In zari tsinke a tsintsiya, in gwada faɗin ciwon daga sama ba tare da na taɓa ba, in karya daidai. Matarsa ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Tsinken in ƙulle a bakin zane, in kai ɗaki. Na ce ranar da sabon tsinke ya fi na baya tsawo, ranar matar nan za ta daina shigo mana gida.

Azumi ya kama. Ruwa ya ɗauke, ya bar wani irin zafi mai ɗanko, zufa ba ta bushewa, ƙasa na huci. Shinkafa ta fara sunkuyar da kai, tsuntsaye suka sauko mata, tun asuba ake kaɗa gwangwani a gona har maƙogwaro ya bushe. Sahur kunu ne tsararo, buɗa baki kunun tsamiya da ɗan ƙosan da ake rabawa biyu. Likita ya hana shi azumi, malamin unguwa ma ya ce ya sha ya rama, amma don kunya sai ya juya wa yara baya yake cin abinci. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yakan zauna ya zuba wa ƙafar ido kamar mai sallama da ita.

Tsinkayena kuwa ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. In na jera su a tafin hannu, kai ɗaya. Sista takan kwance ƙyalle ta duba, ta ce, "Ana taɓa ciwon nan?" Kowa ya dubi ƙasa. Gaskiyar ita ce, ranar da ba ta zuwa, Goggo takan kwance, ta gasa, ta dirje farin nan, ta mayar da ƙyallen yadda yake. Wa zai hana ta? Ɗanta ne. Ni kuma ban san wa zan zarga ba, mai rufewa ko mai buɗewa. Kowace na bi ta da ido.

Ana tsakiyar azumi aka aiko wa Goggo rasuwar wata ƙawarta a Madobi. Ta tafi zaman makoki, ta ce sai an yi sadakar bakwai. Kafin ta fita ta ja ni gefe. "Amarya, ki sa yarinyar nan ta riƙa gasawa." Na ce to. Matarsa kuwa tsoron ciwon take, ni kuma ba hurumina ba ne. Ƙafa ta zauna a rufe, ba mai taɓa ta sai Sista.

Ranar zuwanta na biyu bayan tafiyar Goggo, na zari tsinke na karya. Na shiga ɗaki na jera shi da 'yan uwansa. Ya gaza su. Kaɗan ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ce hannuna ne ya karkace. Zuwa na gaba na sake karyawa, na natsu sosai. Ya gaza wanda ya gaza. Na koma rumfa kafin a rufe, na durƙusa na dubi ciwon da kyau, abin da ban taɓa yi ba. Farin nan ya yi faɗi, ya zagaye bakin ciwon, ya ɗan yi ruwan hoda, yana shigowa ciki kamar yadda ruwa ke cin busasshen fangali daga gefe. Warin ma ya ragu.

Ban gaya wa kowa ba. Na dai kasa cin abincin buɗa baki.

Goggo ta dawo da yamma. Washegari da hantsi na ji ƙarar murfin tukunya, na ji ƙanshin bagaruwa. Na leƙo. Ga ta tafe da kwarya tana tururi, tsumma a kafaɗa. Shi kuma ya riga ya miƙa mata ƙafar, ya kau da kai, don bai taɓa ce mata a'a ba tun yana goye.

Tsakanin ɗakina da rumfar nan ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai nauyinta ba. Na zo na zauna a kan tabarmarsa. Na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata. Matarsa ta saki taɓarya. Shi kansa ya nemi janye ƙafar, na riƙe.

"Amarya," in ji Goggo, "lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau, Yaya."

"A tabarmar ɗan fari? Gaban surukarki? Ina kunyar taki ta tafi?"

"Tana nan. In an gama zan ɗauke ta."

"Tashi ki ba ni wuri, ruwa na hucewa."

"Ya huce."

Ta ajiye kwaryar da ƙarfi har ruwan ya fallatsa. "Ni na goya shi. Ni na yi jinyar ƙyandarsa kina ɗaki kina kallon bango. Yau ke za ki koya mini ɗana?"

"Naki ne, Yaya. Ban taɓa cewa nawa ba ne, yau ma ban ce ba. Ƙafar ma taki ce. Amma ba za a dirje ta ba."

"Matar Filato ta shanye ki."

"Ban yarda da ita ba ko na sisin kwabo. Da wannan na yarda."

Na kwance bakin zane, na jera tsinkayen a kan tabarma. Na nuna mata na kwanakin da tana nan, kai ɗaya. Na nuna mata na kwanakin Madobi. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki na ƙarshe ta gwada da na farko. Sai ta ce, "Tsintsiyar gidan nan ma ta koyi ƙarya." Ta ɗauki kwaryarta ta watsar da ruwan a gindin zogale, ta shige ɗaki ta saki labule.

Daga ranar, in hantsi ya yi sai in ɗauko tsintar shinkafata in zauna a bakin rumfa, na ba shi baya, har rana ta take. Ban ce masa komai ba, bai ce mini komai ba. Sau ɗaya dai na ji ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Sannu, Iya." Na yi kamar da kaza yake.

Bayan salla aka mayar da shi Kano. Likita ya duba, ya ce ɗan ƙaramin yatsa ya riga ya mutu, shi za a cire, amma ƙafa ta tsira. Ciwon bai gama rufewa ba sai da alkama ta yi kai. Ranar da bakin nan da wancan suka haɗu, Sista ta kira ni ta nuna mini. "Kin gani, Mama? Sun gamu, an ce musu su tsaya." Na ce, "Allah ne ya rufe." Ta ce, "Ai Shi ya aike su."

Goggo Hansai ba ta yi mini magana ba har aka gama casar shinkafa. Bayan nan ta koma kirana Amarya kamar ba a yi komai ba. Har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane rubutun da ta karɓo a Madobi ne ya warkar da ɗanta, ni kuma ban taɓa musa mata ba. A hannunsa ta cika.

Tanimu ya zo yankan shinkafarmu da laujensa, ba wanda ya kira shi, ya yi aiki har la'asar. Mutane suka ce ka ga mutumin kirki. Ni na ce wanda ya san abin da ya binne ma haka zai yi. Ya tsufa yanzu, ba ya gani sosai. Wanda ya yar da karyayyen laujen nan a kan iyaka, har yau ba a sani ba, kuma ban daina tambayar kaina ba.

Sista Rifkatu ta koma garinsu da mijinta ya ajiye aiki. Na aika mata da shinkafa 'yar gida da kuka. Ko nama yana da kunnen jin kira, ko yana rarrafe, ni ban gani ba, madubin nata bai taɓa zuwa hannuna ba. Abin da na sani, jikokina in sun ji ciwo ba mai kusantarsu da ruwan zafi ina raye.

Shi kuwa ɗan Goggo, ga shi can a fangali, da furfurarsa, da takalmin roba da ba ya rabuwa da shi, yana yi wa masu dashe faɗa. Ɗazu da safe ya biyo ta ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni. Na kau da kai na amsa wa bango, yadda ya kamata. Da ya miƙe zai tafi, na bi ƙafar da kallo har ta fita zaure.